Salansar Muzammil

Mai Wurno, farkon damina

Zuwa ga maigidana Jibirin, Abu Muzammil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da gwiwar nan taka mai ƙorafi. Yaya aiki, yaya zafin Bur Sudan? Mu nan alhamdu lillahi. Waya har yau ba ta tashi ba, shi ya sa na ba Adam direba wannan takarda.

Babu labarin ɗanmu Muzammil. Tun ranar da ya hau babur ya tafi Sinnar neman maganin mahaifiyarka, babu wanda ya ce ya gan shi, a raye ko a mace.

Amma babur ɗin ya dawo, kuma ƙararsa ce ta dawo da shi. Ka tuna salansar nan mai faɗin baki da ya sayo kafin yaƙi, ya bar ta asalin a can kasuwa, wadda ka ce ta mayar mana da gida maƙera? Mato bakanike ya gaya masa tun a lokacin cewa duk wanda ya canza salansa sai ya gyara kafireta, don iska ta ƙaru, mai bai ƙaru ba. Ɗanka ya ƙi, kai ma ka san inda ya gado taurin kai. Shi ya sa da ya saki totur sai babur ɗin ya yi tas, tas-tas, garin nan duka ya san Muzammil ya iso kwanar masallaci.

Adam ya tsaya shan shayi a wani ƙauye ya ji wannan tas-tas ɗin, ya ajiye kofi ya bi ta. Mutumin da ke kai ya rantse a bakin magudanar ruwa ya tsince shi a kwance, da makulli a jiki. Dattawan ƙauyen suka sa ya bayar.

Na shafa shi ko'ina, ban ga jini ba. Ban sani ba ko in yi murna da hakan. Abin da ban gaya wa kowa ba sai kai: tun kafin a kawo shi nake jin ƙararsa duk la'asar, daga wajen masallaci. In fita, in tarar da awaki.

Ka gaida mutanenmu na can.

Matarka,
Dije


Mai Wurno, tsakiyar damina

Zuwa ga Abu Muzammil,

Sallama da fatan alheri. Yaya jiki, yaya haƙuri? Takardarka ta iso. Mahaifiyarka Hajja tana gaishe ka, ƙafafunta sun ɗan sace.

Ka ce a kai babur wurin Mato a gyara. A takarda umarni ba shi da wuya. Ɗanmu Hamid ne ke hawansa yanzu zuwa gona, kuma shi ma bakinku ɗaya. Mato ya ciro filogi ya nuna mini kansa fari fat kamar toka, ya ce injin yana aiki da ƙishirwa, zafi yana cin sa ta ciki, wata rana zai tsaya cak a inda babu mai taimako. Ya ce aikin bai kai a sha shayi a gama ba: a sa wa kafireta ƙofar mai da ta fi faɗi, a juya wani ɗan ƙusa. Na tambaye shi ƙarar fa. Ya ce ita ce farkon abin da zai tafi. Na ce a bar shi yadda yake.

Kada ka ce na haukace. Tunanina shi ne, in yana wani wuri a kusa, a ɓoye ko a tsare, ya ji wannan ƙarar ta wuce, zai san babur ɗinsa ya iso gida, muna nan, ba mu gudu ba. Ban da ita ba ni da wata hanyar kiransa.

Maƙwabta sun fara gunaguni. Shekaranjiya Hamid ya sako kwana, babur ya yi tas-tas, maƙwabciyarmu Maryamu ta ɗauka harbi ne, ta suri jaririnta ta faɗa cikin dawa babu takalmi. A da mutane dariya suke yi wa wannan ƙarar. Yanzu kunnen kowa ya canza.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. Duk la'asar in na ji ta, jikina ba ya shawara da ni, sai in gan ni a bakin ƙofa. Sai Hamid ya shigo, ya ga fuskata ta faɗi. Yaron nan sai ya jingine babur ya wuce ɗaki. Ina son sa, Allah ya sani, amma kullum sai ya ga uwarsa tana jiran wani a bayansa.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Dije


Mai Wurno, dawa ta fara kai

Zuwa ga Abu Muzammil,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ka zauna kafin ka karanta. Hamid yana lafiya, da wannan na fara.

Ranar Talata ya kai Hajja asibiti a bayan babur. Da suka kusa shingen masu bindiga ya rage gudu kamar yadda kowa ke yi, ya saki totur, babur ya yi abin da ya saba. Wani daga cikinsu bai tsaya tambaya ba. Harsashi ya fasa madubin hannun dama. Suka kwantar da Hamid a ƙasa, Hajja tana ta salati, har sai da babbansu ya sa aka tada babur ɗin a gabansa ya ji da kunnensa. Hamid ya dawo da ƙasa a gemunsa. Hajja ce ta faɗa mini abin da ya faru.

Washegari ni da kaina na bi shi wurin Mato. Na roƙi Mato ya tada shi sau ɗaya kafin ya taɓa. Ya murɗa, ya saki, na tsaya na saurara har ƙarshe, su kuma suka kau da kai. Sannan na ce ya yi aikinsa. Ɗan abin da ya cire bai kai ƙwayar masara ba.

Yanzu babur yana tafiya sumul. Mato ya ce injin ya samu abin sha, zai daɗe. Jiya Hamid ya dawo ina tankaɗe, ban san ya iso ba sai da ya yi sallama a kaina. Na ɗaga kai na gan shi, shi kaɗai, na ji daɗi har cikin raina.

Sai dai, Jibirin, ƙarar nan da nake ji a kunnena ita ma ta ɗauke. Na zauna la'asar bayan la'asar ina kasa kunne, babu komai sai kiran salla da kukan awaki. Na ɗauka in ta tafi zan huta. Tsoro ne ya kama ni, don gidan ya yi shiru irin na gidan da aka gama zaman makoki.

Liman ya daɗe yana ce mini ana iya yi wa wanda ba a ga gawarsa ba salla, ina ce masa ɗana ba ya buƙata. Yau na aika masa na yarda. Sharaɗina ɗaya, ba za a yi ba sai kana cikin sahu, Hamid a gefenka. Ka nemi izini a wurin aiki ka taho. Ba zan iya jin wannan kabbara ni kaɗai ba.

Hajja da Hamid suna gaishe ka. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Dije, Ummu Muzammil