Harafin da Ya So Raba Ni da Ke

Ya Khairat, sanyin idona, inuwar da nake fakewa a cikinta idan ranar Alƙahira ta tsaya a tsakar ka, ruwan randa a maƙogwaron mai ƙishi! Sallama gare ki, da gaisuwa mai faɗin Kogin Nilu.

Jiya kin tambaye ni ko gaskiya ne zan koma gida. Ba ki rubuta hawaye ba, amma na ji ɗanɗanonsu a cikin tambayar. To ga amsa da hannuna, ki ajiye ta: babu inda za ni!

Bari in faɗa miki abin da na ɓoye miki. Da fasfona ya ƙare na sabunta shi, na ɗauki tsohon da sabon na tafi ofishin iƙama don a tsawaita mini izinin zama, in ci gaba da aikina na tafinta a asibiti. Jami'in da ke taga ya buɗe su, ya ɗago ya dube ni, ya ce ai waɗannan mutum biyu ne. A tsohon an rubuta Haitham irin na Larabawa, a sabon Haisam yadda ake kirana a gida. Ma'alish, in ji shi, wato in yi haƙuri, in dawo da takardar shaida. A ranar saura kwana goma sha tara izinina ya ƙare.

Wayyo Khairat! Harafi, ɗan ƙaramin harafi da bai kai ƙwayar gero ba, shi zai raba ni da ke? Yayana Harun ya kira daga Gusau ya ce in tattara in dawo, ga shago yana jirana. Na saurare shi da ladabi, amma zuciyata ta riga ta zauna a unguwar Hadayek el-Maadi, a ƙasan barandarku, ta ƙi tashi.

Ina zan kai ranar da na fara ganinki? Kin kawo ƙanwar Ummanki, Inna Hauwa, a duba mata ido, likita yana magana ina fassarawa, sai kika ɗago kai. Larabcin da na yi shekara huɗu ina tarawa ya watse kamar tattabaru! Ke ce kika ƙarasa mini jimlar, kina danne dariya da gefen mayafi. Wanda ya ga wannan ranar, a ce ya hau jirgi ya tafi?

Don haka na tsaya. Na je ofishin jakadancinmu na karɓo shaidar cewa Haitham da Haisam mutum ɗaya ne, na kai aka fassara, aka buga hatimi. Sau huɗu ina hawa jirgin ƙasa na metro da sassafe, ina shiga layi har ƙafafuna su yi nauyi. A na uku aka ce hotona ya tsufa. Ban yi fushi ba. Na fita na ɗauki wani, na dawo na kama ƙarshen layi.

Yau da hantsi jami'in ya juya takardun ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe. Sai ya ɗaga hatimi ya buga, ya ce tamam, wato komai ya yi daidai. Shekara guda, Khairat! Na fito titi ina dariya ni kaɗai, wata mai sayar da shayi, Nada, ta ɗauka na zautu.

Abbanki ya taɓa ce mini ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da zamansa ba shi da tabbas ba, kuma bai yi kuskure ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Maikano, dattijon 'yan garinmu a nan, zai zo ya gan shi a madadin iyayena. Ki sanar da Umma, ki share idonki, ki bar mini sauran.

Idan shekarar ta ƙare zan sake shiga layi, da ta bayanta, da ta bayan wannan, har ranar da za mu miƙa fasfo biyu ta taga ɗaya.

Naki, muddin ina numfashi,
Haisam