Sikanar Littattafan Malam Ilu Ba Ta Da Adireshi

Zuwa ga Injiniya Sa'idu, ɗan Kudan, mai kula da rabon adireshi a kanel,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, ina kuma fata sanyin ƙasar da kake bai daskarar maka da Hausa ba, don da ita zan yi maka magana yau. Turancina na gwada shi sau uku a akwatin rahotonku, bai ci ba. Ni ne Hamisu mai gyaran kwamfuta a bayan tashar Ikara, wanda muka zauna benci ɗaya a sakandare, kuma ina cikin waɗanda suka amsa kira da ka nemi masu gwada sabon gyaranka.

Tunda wasiƙar a buɗe take, jama'a za su karanta, bari in share musu hanya. Kanel ita ce zuciyar manhajar kwamfuta. Duk na'urar da aka jona, ita ke yanka mata wuri ta ba ta lamba, kamar yadda sarkin kasuwa ke raba rumfuna a Makarfi. Lambar nan ita ake kira adireshi. Na'urar da ba ta samu ba, ko da tana jone, kwamfuta ba ta san da zamanta ba. Wannan rabon ne Injiniya ya sake wa tsari.

Na ɗaya, ka san a kan wace kwamfuta nake gwajin. Ita kaɗai gare ni mai ɗaukar tsohuwar sikanata, kuma da ita nake ɗaukar hoton littattafan Malam Ilu na Furana, gafaka bakwai na rubutun hannun kakanninsa, da baƙar tawada da ja. Ba a ɗinke suke ba. Wata shekara rufin ɗaki ya zubo, aka kwashe su a gurguje, takardun suka cakuɗe. Duk gidan Malam ne kaɗai ke iya duba shafi ya ce wannan na bayan wancan ne, ga shi idonsa yana ja baya. Kowace Laraba ake kawo shi shagona a babur, yana miƙo mini shafi ina ɗauka.

Na biyu, ga abin da gyaranka ya yi. Ya ga sabon faifan ajiyar da na sa, ya yi masa maraba, ya yanka masa fili har da na baƙinsa. Da aka zo kan katin da ke haɗa sikana da kwamfuta, tsoho ne, sai aka ce wuri ya ƙare. Idan na koma tsohuwar kanel, sikana ta dawo, faifan ya ɓace. Yanzu sai in ɗauki shafi kaɗan, in kashe, in kunna da taka kanel, in kwashe hotunan zuwa faifan, in sake kashewa. Aikin yini ɗaya ya koma na Laraba uku. Malam yana zaune yana kallona, ni kuma ina murmushin da babu komai a cikinsa sai kunya.

Na uku, amsarka. Na aiko maka rahoto cikakke, da jerin na'urori da duk abin da kanel ta rubuta lokacin tashi. Ka mayar mini da layi ɗaya, wai a wajenka yana aiki. Madalla! Da na bincika sai na tarar a kan kwamfutar da ba ta da jiki ka gwada, wadda aka ƙirƙira a cikin wata kwamfutar, babu ƙura, babu tsohon kati, babu janareta mai tari. Injiniya, kai fa ɗan Kudan ne. Rediyon mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, da roba aka ɗaure shi, kuma ya fi shekarunka aiki. Yaushe ka fara zaton kowa sabon kaya gare shi? Wallahi layin nan ya ɓata mini rai, har na kasa cin abincin rana.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da Malam ya gaji da kashe-kunna, ya tambaye ni abin da ke damun na'urar. Ni kuma na saki baki na ce ba ta da adireshi ne. Ya ce, "To, ai wannan ba abin tashin hankali ba ne, ɗana. Miƙo mini takarda." Ya rubuta da ajami, baƙi manya-manya: Wannan na'ura ta Hamisu ce, bayan tasha, Ikara. Ya sa na liƙa mata a goshi. Aka yi rashin sa'a a daidai lokacin tsohuwar kanel ce na kunna. Sikana ta yi ƙugi ta tashi.

Kafin Juma'a labari ya kai Janfalan. Yau a yankinmu an san cewa abin da ya gagari injiniyan ƙasar waje, Malam Ilu ya gama shi da rabin takarda. An kai masa wayoyi biyu da injin ban ruwa daga Dandamisa a rubuta musu adireshi. Shi kansa yana ta rantsuwa cewa bai yi komai ba, suna kawai ya rubuta. Ni kuma ban gyara zancen ba, kuma in gaya maka gaskiya, ba na jin zan gyara sai ka gyara naka.

Don haka ina roƙonka abu uku. Kada ka shigar da gyaran nan sai ka gwada shi a kan ƙarfe na gaske, mai tsohon kati a ciki. Ka sa rabon ya fara tabbatar kowace na'ura ta sami wuri, kafin a ƙara wa babba. Sannan ka buɗe rahotona na uku ka karanta har ƙasa. Duk gyaran da ka aiko, a ranar zan gwada in ba ka amsa.

Wasa na yi maka da yawa, amma wannan ba wasa ba ne. Larabar da ta wuce Malam ya ɗaga wani shafi ya kai shi bakin ƙofa, ya juya shi, ya daɗe. Sannan ya ce, "Hamisu, ka ce wa abokin naka ya ɗan hanzarta. Jar tawadar ta fara ɓace mini." Saura gafaka huɗu.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare ka a inda kake, ya sa ka buɗe saƙonka kafin Laraba.

Wassalam.

Naka,
Hamisu mai gyaran kwamfuta, Ikara.