Maigidana Ya Zaɓa wa Yayansa Famfon da Zai Fashe

Assalamu alaikum, Malam Namadi. Don girman Allah ka taimake ni, kuma da wuri, domin abin da ke damuna yana da rana, ranar kuwa ta matso. Ba ni da wanda zan gaya wa a garin nan. Duk wanda na buɗe wa baki, kafin la'asar maganar ta kai bakin kasuwa.

Ni matar aure ce a Bagudo. Maigidana direba ne tun yana saurayi, yana kai 'yan kasuwa Lolo da Illo, wani lokaci ya tsallaka Benin da su. Ban da motar haya, yana da wata tsohuwar mota tasa ta kansa da ya jawo daga Kwatano ko tashi ba ta yi, ya shafe shekaru yana tayar da ita da hannunsa. A tsakar gidanmu ya kwance injinta. Ni ke wanke masa ƙananan ƙarafa da fetur a cikin tsohuwar tasa, yana yi mini bayani ina jin rabi ina barin rabi, har na wayi gari na san sunayensu kamar kayan miya. Burinsa ɗaya ne, ya ɗora mata sufacaja, wato na'urar nan da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Kullum yana cewa ba a ɗora ta sai an fara sake haƙoran famfon baƙin mai an sa masu ƙwari, domin idan haƙoran suka tsage, mai ya daina zagayawa, injin ya ƙone kafin mutum ya ankara.

Bara da damina ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannu ya mutu, ƙafa sai ja, baki ya karkace. Hankalinsa na nan garau, amma magana sai ya yi kokawa da kowace kalma.

Yayansa, bari in kira shi Sambo, uwa ɗaya uba ɗaya suke, dillalin shanu ne. Tun muna asibiti ya zo gida ya ɗauki makullin motar, wai kada ta yi tsatsa. A gidan gado muke zaune, shi ne babba, shi ke auna mana hatsi, kuma ba ya aunawa sai ya tabbata maƙwabta sun ji. Da motar kawai ya ɗauka, wallahi da na haƙura. Amma ya ce zai cika wa ƙanensa burinsa, zai ɗora sufacajar kafin bikin 'yarsa Rabi'atu, domin surukansa na Illo su ga motar da babu irinta ranar kai amarya. Tun da maigidana ne ya san cikin injin, sai ya riƙa sa a ɗauko shi zuwa gareji. Ni ma ina bin sa, don dole a sami mai goge masa baki.

Malam, ban san yadda zan faɗa maka abin da ake yi masa a garejin nan ba. A zaunar da shi kan tsohuwar taya a rana. Sambo ya tara samari, ya tambaye shi abu, ya fara amsawa da ƙyar, sai ya katse shi: "Mi kac ce, Injiniya? Ƙara faɗi, ba mu jiya ba." Ya karkata bakinsa ya kwaikwaye shi, a fashe da dariya. Ya ɗauki sifana ya sa masa a hannun da ya mutu don ta faɗi, a sake yin dariyar. Wata rana aka daɗe, na roƙa a bar ni in kai shi bayi, Sambo ya ce sai an gama. Fitsari ya kufce masa a gaban mutane. Da za a tashi, Sambo ya ce maigidana ba zai shiga motar ba, kada ya ɓata masa kujera. Kujerar da maigidana ya kai wa maɗinki da kansa! A bayan wata a-kori-kura aka kawo mu gida, tsakanin buhunan albasa. Bai ci abinci ba ranar, washegari ma haka.

To ga inda maganar take. Uchenna, mai shagon kayan mota da maigidana ya daɗe yana hulɗa da shi, ya kawo haƙoran famfo iri biyu. Ɗaya an sassaƙa shi daga tsantsar ƙarfe, ba shi da wani kyan gani. Ɗayan yana walƙiya, kwalinsa da zane, amma kwaikwayo ne na garin ƙarfe da aka matse, Uchenna da bakinsa ya ce bai san masana'antarsa ba, wani ne ya haɗo masa cikin kaya. Sambo ya ce Injiniya ya zaɓa. Maigidana ya daɗe yana juya su da hannun hagu, sannan ya nuna mai walƙiyar. Uchenna ya dube shi, ya sake tambayarsa, maigidana ya gyaɗa kai. Uchenna ya fara magana, Sambo ya ce masa shi mai sayarwa ne, ya sayar ya yi shiru.

Ni na san ba kuskure ya yi ba. Da muka koma gida na tambaye shi. Sai ya yi dariya da rabin bakinsa, dariyarsa ta farko tun da ya kwanta. Ya yi ta fama har ya fahimtar da ni cewa haƙoran za su jure zagayen cikin gari, amma ranar da Sambo ya taka ta a doguwar hanya don burge surukai, nan za su watse, injin ya mutu mutuwar da babu gyara. Ya ce gara ya ga motarsa ta zama gawa da ya ga Sambo a cikinta.

Malam, ni ma na yi dariyar. Ban ɓoye maka ba. Tun ranar nake hango Sambo tsaye a bakin hanya da babbar rigarsa, hayaƙi na tashi, surukai na kallo, sai in ji sanyi a raina. Maigidana ya koma cin abinci. Har cewa yake a fitar da shi ƙofar gida ya ga wucewar motar.

Sai da aka fara rabon ayyukan biki na ji cewa a cikin motar za a sa amarya da ƙawayenta. 'Yata Aminat na cikin ƙawayen. Na riga na shirya zan ce ba ta da lafiya ranar, ba za ta je ba. Rabi'atu kuwa ba ta taɓa yi mana komai ba, ita ke satar jiki ta kawo wa baffanta fura. Maigidana ya ce motar tsayawa kawai za ta yi, babu wanda zai ji ciwo. Ina so ka tambayar mini masana, haka ne? In haka ne, in yi shiru. Idan na tona, Sambo zai watsa mana kaya waje, maigidana kuma ba zai yafe mini ba, na ƙwace masa abu ɗaya tak da ya rage yake jira. Ba a ɗaura famfon ba tukuna, yana shagon Uchenna. Ina zan sa kaina?

Matar mai motar, daga Bagudo.

Wa alaikumus salam, baiwar Allah.

Abin da ake yi wa mijinki zalunci ne, ba shi da wani suna. Mutumin da ya zaunar da ƙanensa marar lafiya a rana don a yi masa dariya, ya hana shi bayi, ya hana shi shiga motarsa, ciyar da ku da yake yi bai wanke shi ba. Ban ga laifinki don kin ji zafi ba, ban kuma ga laifin mijinki don ya so ramawa ba. Amma ba zan ba ki amsar da kika zo nema ba.

Na kai tambayarki wurin bakanikai biyu. Babu wanda ya yarda ya yi miki alkawarin cewa motar tsayawa kawai za ta yi. Idan haƙoran famfo suka watse ana cikin gudu, injin na iya kamewa farat ɗaya, sitiyari ya yi nauyi, birki ya yi tauri. Ki ƙara da cewa jerin motocin biki ne, kowa na manne da bayan na gabansa, a hanyar da babura da shanu ke tsallakawa. Tana iya tsayawa lafiya. Tana iya ƙin tsayawa. Mijinki ya san inji, bai san abin da zai kasance a gaban motar a daidai lokacin ba.

Ke ma kin san haka. Macen da ta yarda babu haɗari ba ta ƙirƙira wa 'yarta ciwo. Kin cire taki kin bar ta wani, wadda ke kawo wa mijinki fura a ɓoye. Wannan layin na wasiƙarki ya fi duk abin da Sambo ya yi tayar mini da hankali, domin shi an san halinsa, ke kuwa zaluncinsa ne ke neman mayar da ke irinsa. Ki kuma tuna cewa ko ba a rasa rai ba, Sambo ba zai kama kansa da laifi ba. Uchenna da bakaniken da ya ɗaura za a kama, su da ba su ci ba ba su sha ba.

Ga abin yi. Ki fara da mijinki, yau. Ki gaya masa ba za ki yi shiru ba, kuma ba za ki tona shi ba. Babu dalilin da zai sa Sambo ya ji komai. Ku aika wa Uchenna cewa maigida ya sake tunani, a sa na tsantsar ƙarfen. Uchenna ya riga ya yi zargi, zai karɓa hannu bibbiyu. Idan mijinki ya ƙi, ki je da ƙafarki. Zai yi fushi, ƙila ya daɗe yana yi. Ki jure fushin mutumin da hannunsa bai taɓa jini ba.

Bakanikan sun ce a tabbata haƙoran na irin wannan injin ne daidai, daga wurin da aka san asalinsa, a auna zamansu a cikin gidan famfon, a wanke rariyar da ke tsotso mai, a kuma sa agogon da ke nuna ƙarfin mai a gaban direba. Sun ƙara da cewa ko da kaya masu kyau, motar da aka ɗora wa sufacaja jiya-jiya ba ta ɗaukar amarya ba ce. Ki sa uwar amarya ta ji wannan, ita ta san yadda za ta sauya wa 'yarta mota.

Sannan ki daina kai mijinki garejin nan. Ki ce likita ya hana shi zaman rana, kowane likita zai goyi bayanki. Idan takardun motar da sunansa suke, tasa ce, ciwo ba ya raba mutum da dukiyarsa, kuma gidan gado yana da haƙƙinsa a ciki, ba alfarma ake yi muku ba. Bayan biki, ki nemi dattijon dangi da Sambo ke jin nauyinsa, ko limamin unguwa, ki faɗa masa komai dalla-dalla, har da ranar a-kori-kura. Idan bai yi ba, akwai mai gari, akwai alƙali. Ki kai 'yan'uwanki cikin maganar tun yanzu, don ku san inda za ku sauka in an kai ga haka. Ki kuma nemi a tura shi wurin masu gasa jiki a Birnin Kebbi, akwai waɗanda hannu da magana suka ɗan dawo musu. Mijinki yana bukatar abin jira wanda ba mutuwar motarsa ba.

Ki rufe jaridar nan ki tafi shagon Uchenna kafin a ɗaura famfon. Allah ya ba maigida lafiya, ya fitar muku da haƙƙinku a fili, ya kai Rabi'atu ɗakinta da ƙafafunta.

Malam Namadi