Na Ga Malamina a Kujerar Waɗanda Aka Kawo Ƙara

Anti, don Allah ki cece ni kafin bakina ya ja min. Wallahi akwai magana a cikina da ta fi ƙarfina, in ban sauke ta a wajenki ba, a tsakiyar aji zan sauke ta.

Ni ɗalibar jami'a ce, ajin ƙarshe, ina karanta gudanar da mulki da hidimar jama'a. Malamin da ke duba kundin kammala karatuna, Sai-Baɗi muke ce masa a bayan idonsa, don in ya sa ka a gaba da jan biro, to ka yi sallama da 'yan ajinku. Shi ke koyar da mu sasanta rikicin iyali. Babina na farko ya dawo min da shi har na gaji, kullum jajawur kamar an yanka kaza a kai. Mutumin nan ko gaisuwa da hanci yake amsawa.

To, sai aka tura ni koyon aiki ofishin jin daɗin jama'a, ɗakin da ake sauraron ma'aurata. Nawa dai in zauna a lungu kusa da fanka, in yi shiru, in koya. Tun ranar farko shugabar ofishin ta ja min kunne cewa abin da aka faɗa a ɗakin, a ɗakin yake mutuwa. Na ce a raina ai wannan mai sauƙi ne. Ashe ban san kaina ba.

Rannan sai ga wata baiwar Allah mai kamala ta shigo, mijinta na biye da ita, kai a sunkuye. Ya ɗago, muka haɗa ido. Anti, Sai-Baɗi ne! Na so in tashi, amma gaskiya kunnena bai so ba. Ƙorafin matar shi ne maigidan nata yaji yake yi. Da an ɗan saɓa, ko a kan rimot ɗin talabijin ne, sai ya haɗa jakarsa, har da filonsa, ya tafi gidan yayarsa ya tare a ɗakin baƙi. Ba ya dawowa sai ta je biko da ƙafarta. Ta ce ta gaji, gwiwarta ma ta daina shiri da benen gidan yayar. Shi kuwa gogan naki sai murza hula yake, muryar nan da ke girgiza aji ta koma kamar ta mage.

Tun daga ranar duniya ta juya min. Shi ke fara gaishe ni. Ya tambayi Abba, ya tambayi Umma, mutanen da bai taɓa sa wa ido ba. Babin nan da ya sha jan biro na mayar masa, ko waƙafi ban gyara ba, ya sa hannu wai ya yi kyau ƙwarai. Na biyu ma haka, alhali ni na san rabinsa shirme ne, a gurguje na rubuta.

Ban faɗa wa kowa ba, na rantse. Amma makon jiya yana mana lacca kan haƙuri tsakanin ma'aurata, sai tari ya kama ni, irin tarin nan da ba na ciwo ba. Bawan Allah ya daskare da alli a hannu. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta lura da canjin, yanzu ta hana ni sakat, har tana cewa wai ko soyayya ce. Kin ji wata sabuwa! In na yi shiru sunana ya ɓaci, in na yi magana na ci amana. Kuma kar ki yi min dariya, Anti, daɗin sa hannun nan nake ji. Laifi ne in bar shi da tsoronsa har in kammala? Ai ban roƙe shi ba.

Taki,
Mai Ƙaiƙayin Baki

'Yata Mai Ƙaiƙayin Baki,

Kin makara, filon nan ya riga ya gama da ni. To mun dara, yanzu gyara zama.

Ban ga laifinki ba don kin ji daɗi. Wanda ya gasa miki aya a hannu, ki gan shi yana murza hula, dole zuciya ta ɗan taka rawa. Shi ma malamin da nasa, don tsoro bai kamata ya taɓa makin ɗalibi ba. Amma tarin nan naki barazana ce, ke ma kin sani. Tun a ɗakin ma, da kika gane shi, fita ya kamata ki yi.

Gobe ki sami shugabar ofishin, ki gaya mata mijin nan malaminki ne, ta cire ki daga zamansu. Sannan ki kwashi babin nan biyu ki mayar masa, ki ce ba su gamsar da ke ba, ya duba miki tsakani da Allah. Ki ƙara da cewa an koya miki riƙe sirri, kin kuma riƙe. Magana ɗaya ta isa, kar ki tsaya kallon ƙwayar idonsa. In ya ci gaba da sa hannu don tsoro, ki nemi sashenku ya canza miki mai dubawa, ba sai kin tona kowa ba. Ranar kare kundi ba shi kaɗai zai zauna ba, sauran malaman kuwa ba ki san inda suke kai nasu filon ba. Shirme suna gani za su ce shirme ne.

Ƙawarki, ki ce mata ba soyayya ba ce, ki rufe zancen. Zarginta zai mutu da kansa ranar da ta ga an sake yi miki jajawur.

Sai dai akwai wadda kika manta da ita gaba ɗaya, wato matar. Ba ta zo don ta ba ki makami ba. Cijewa ta yi ta faɗi abin da wataƙila ko 'yan uwanta ba su sani ba, don an ce mata ɗakin amana ne. In maganar ta fita, shi dariyar ɗalibai kawai zai sha, ta wuce. Ita kuwa aurenta ne zai iya tafiya, kuma ba za ta ƙara buɗe cikinta a gaban kowa ba. Irinta za ki yi shekaru kina saurara in kin kama aiki. Digiri zai ba ki kujerar, amma ba shi zai sa su yarda da ke ba.

Allah ya ba ki sa'ar karatu, su kuma ya zaunar da su lafiya a gida ɗaya.

Antinki