Hoton Mama Ya Ƙi Girma

Doña Herminia,

Ki taimake ni kafin in gaya wa ƙanena maganar da ba za ta gyaru ba.

Ni malama ce a nan Cochabamba, adabi nake koyarwa. Mahaifiyarmu ta rasu a watan Fabrairu a ƙauyenmu, can kan duwatsu bayan Arani. Bana ne za mu shimfiɗa mata teburinta na farko a Ranar Matattu, ranar da mamata ke dawowa gida ziyara da tsakar rana, kuma kin san na farko ba a wasa da shi. An yi maganar burodi, an yi ta rake da giyar masara, an san wa zai dafa miyar gyaɗar da take so. Hoton da zai zauna a kan teburin ne ya raba mana kai.

Bari in ba ki labarin yayata Casilda, don ita ce maganar. Mu uku ne. Ni na gudu birni na yi boko, ƙanena Wálter ya gudu Spain yana aikin gini, Casilda ta zauna. Da Mama ta daina tafiya, ita ke goya ta zuwa rana, ita ke yi mata wanka da kitso. Kuma kusan kullum sai ta hau tudun bayan coci, inda sabis ke ɗan leƙowa, ta turo mana hoton Mama. Da farko hotunan ba sa tafiya, sun yi wa sabis ɗin nauyi, sai ta tsaya a cikin iska hannu a sama har ya sage. Ba wanda ya koya mata, ta yi ta lalube har ta gano yadda ake rage musu nauyi. Daga nan suka riƙa shigowa kamar ruwa. Mama tana ɓarar wake. Mama tana yi wa kaza faɗa. Mama ta yi barci da farar hularta a kan fuska. Ina tsakiyar aji wayata za ta motsa, in san ta kwana lafiya. Na karanta jarumai da yawa a littattafai, ban ga wadda ta kama ƙafar wannan mata ba.

To, wayarta ƙarama ce, kullum kukan ta cika take yi. Saboda haka in ta rage hoto ta tura, sai ta goge babban. A ganinta ai ɗaya ne, fuskar ce dai.

Makon jiya na kai wanda na fi so wurin mai wankin hoto, na ce a yi shi babba, girman ƙirji, yadda ake sawa a teburi. Da ya fito sai na nemi kujera. Fuskar Mama ta zama dabbare-dabbare kamar bangon da ruwa ya ci, idanun ɗigo biyu ne. Mutumin ya ce abin da aka zubar an zubar, ba injin da zai dawo da shi.

Kuskurena da na gaya wa Wálter. Mutumin da bai zo jana'iza ba, wai takardunsa ba su fito ba, shi ne ya cika min kunne da cewa Casilda baƙauya ce, ta lalata mana tarihi, wai me ya sa ba ta tambayi masu ilimi ba. Masu ilimi! Shi da ko ranar haihuwar Mama sai na tuna masa. Sai ga shi ya zuba hoton a wata manhaja mai gyaran fuska, ya turo min sakamakon yana jiran yabo. Doña Herminia, wata mata ce daban. Fatarta ta yi haske, haƙora reras, alhali Mama ta rabu da na gaba tun ina firamare. Tabon da alfadari ya yi mata a gira ya ɓace. Na ce masa in Mama ta iso da tsakar rana ta ga wannan a kan teburi, za ta ce ta yi ɓatan gida, ta wuce wurin maƙwabta. Ya ce bakina ne ya hana ni zaman aure. Na ce nasa bai hana shi zama mara amfani ba.

Yanzu ya dage nasa za a sa, kuma ya ce zai kira Casilda ya gaya mata abin da ta yi. Ita ba ta sani ba. Jiya ma ta tambaye ni ko hoton ya yi kyau, na ce mata ana kan aiki. In ta ji cewa hannunta ne ya goge fuskar Mama, ban san yadda za ta tashi ba. Me zan sa a teburin nan, kuma me zan ce mata?

Malama mai cizon haƙora, Cochabamba

*

Malama,

Allah ya ji ƙan Mama, ya kuma saka wa Casilda. Na karanta wasiƙarki na ji ina so in san ta.

Mai wankin hoto ya gaya miki gaskiya. Rage nauyin hoto zubar da wani ɓangarensa ne, kuma ba ya dawowa. Manhajar Wálter ba ta dawo da komai ba, cike gurbi ta yi da fuskokin wasu. Kada ta hau teburin.

Amma ki sassauta masa kaɗan. Mutumin da bai ga gawar uwarsa ba yana neman fuskarta ne a sarari, ko sau ɗaya, kuma ya fi masa sauƙi ya ji haushin Casilda da ya ji na kansa. Wannan bai ba shi izinin kiranta ba. Ki gaya masa haka a gajarce, ban da zancen aure da rashin amfani. Sannan ki ba shi aiki: ya bi dangi, ya tambayi duk wanda ya ɗauki hoto a biki ko baftisma, a duba tsofaffin wayoyi. In an samu, a turo shi a matsayin fayil, ba ta hanyar da ke matse shi ba. Ana dacewa.

Ko ba a dace ba, ba ku rasa komai ba. Ƙaramin hoto ba ya lalacewa sai an tilasta masa girma. A wanke shi girman tafin hannu, za ki ga tabon girar da giɓin tsaf. Kuma kada ki wanke ɗaya. Ki zaɓo da yawa daga abin da ke wayarki, ki jera su tsakanin burodin. Ba dokar da ta ce sai babba guda. Masu zuwa addu'a za su sunkuya su duba, kuma za su daɗe a tsaye.

Casilda kuwa, ki riga Wálter zuwa wurinta, ki je da ƙafarki, hotunan a hannu. Kada ki yi mata ƙarya, ba yarinya ba ce. Ki ce sun ƙi girma saboda an rage su, kuma da ba a rage su ba da ko ɗaya bai sauko daga tudun nan ba. Dukansu gaskiya ne. In ta yi kuka ki bar ta ta yi, ki zauna kusa. Daga baya, ba ranar ba, ki nuna mata yadda ake ajiye babban a tura ƙaramin.

Abu na ƙarshe: ita za ta zaɓi wanda zai zauna a tsakiya. Ba ke ba, ba Wálter ba.

Allah ya sa Mama ta iso ta same ku a haɗe.

Herminia