Wankin Banɗaki da Toka Ya Sa Ana Ce Min Mai Asiri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Gidan haya nake zaune a Limawa, mu huɗu ne matan gidan, banɗaki ɗaya, kuma tagar ɗakina ce ke kallonsa. Wankinsa kowa da ranarta, su kuwa in ba su kwarara asid da bilic har ido ya yi yaji ba, gani suke bai fita ba. 'Yata mai shekara biyar tana da asma, duk ranar da aka zuba sai ƙirjinta ya dinga kuka kamar usur, sau biyu ana ba mu gado a asibiti. Nas ta ce lallai in raba ta da warin nan.

Sai na koma abin da na ga kakata tana yi a ƙauye, in tankaɗe toka in barbaɗa, in dirje da sabulu da burushi, in bi da ruwan lemon tsami. Tas yake fita. Don kada wata ta sake zuba asid na ce su bar min wankin gaba ɗaya, har albarka suka shi min. Wata huɗu yarinyar ko tari ba ta yi ba.

Ana haka maƙwabciyata Maman Walid ta yi ɓari, wallahi ni na dinga dafa mata ruwan zafi. Ƙanwarta da ta zo jinya ta gan ni da sassafe ina barbaɗa toka ina yanka lemo a banɗaki, shi ke nan magana ta tashi cewa asiri na yi cikin ya zube. Wai wace mai hankali ce za ta roƙi wankin banɗakin haya in ba da wata manufa ba. Na ce su zo in nuna musu yadda nake yi, ba wadda ta leƙo. Yanzu in na yi sallama a tsakar gida sai a yi tsit, an hana yara wasa da 'yata.

Alhaji mai gidan ya ce shi bai yarda da zancen ba, amma don a zauna lafiya ko in bar tokar ko in tashi ƙarshen wata. Mijina adaidaita yake ja, ba halin kama wani gidan, ya ce in dinga fita da yarinyar ranar wankin banɗakin. To warin kwana biyu yake yi a ɗakina, ina zan kai ta?

Ɗazu Maman Walid ta juye galan guda na asid a banɗakin, wai tana karya abin da na binne. Yarinyar tana kan cinyata yanzu, kukan ƙirjin ya dawo, ni kuma tsoro nake ji.

In ci gaba da tokar a kore mu da sunan asiri, ko in yi shiru in zuba ido numfashin 'yata yana sarƙewa? Ku da kuka haifa, ku faɗa min yadda zan yi.