Disk na Biyu

Briqueterie, Yawunde
9 ga Satumba, 2015

Ƙanena Ja'afar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sassauta maka inda kake tsare. Mohaman Bello, direban da ke kawo shanu kasuwar Etoudi, ya ce yana bi ta garin da kake tsare duk mako, kuma ana barin takarda ta shiga. Shi ya sa na zauna rubutu, ni da rabona da biro tun makaranta.

Yau kwana ashirin da ɗauke ka a hanyar Garwa, har yanzu ba wanda ya faɗa mini laifinka. Lauyan ƙungiyarku ta taimakon 'yan gudun hijira, Maître Yahya, sai ya ce in yi haƙuri. Haƙuri kuwa na sha shi har ya ginshe ni.

Sai kuma amaryarka. Injin nan da ka girke a kabad ɗin ƙarfe a bayan shagon ɗinkina, wanda kake kira serveur, tun ranar Lahadi take kuka kamar an taka ɗan kaza. Ina cikin zana riga, da alli a hannuna, na leƙa. A jerin 'yan durowoyin nan na gabanta, ɗaya fitilarsa ta koma ruwan goro, sauran kore. Ka san mutanen da suka gudo daga Arewa, waɗanda takardunsu suka ƙone, hoton takardun haihuwarsu duk yana cikinta. Kullum suna zuwa a buga musu, ina sallamarsu da ba hannuna ba ne.

Fanta ta shiga watanta. Ina so in tafi Gaundare in zauna da 'yata, amma ka bar ni da gadin ƙarfe. Faɗa mini abin yi.

Yayarka,
Tasalla

*

18 ga Satumba

Yaya Tasalla,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa. Mu talatin da ɗaya ne a ɗakin da bai kai shagonki ba, amma da sauƙi.

Zan faɗa miki gaskiya, ki yafe mini. Durowoyin nan, kowace akwai disk a ciki, wato ma'ajiyar takardu. Guda biyar ke aiki tare, kowane yana riƙe da wani abu na 'yan'uwansa. In ɗaya ya mutu, huɗun za su sake gina shi a kan sabo. In biyu suka tafi, ni kaina ban da tabbacin dawo da komai. Akwai na shida da ke zaune yana jiran irin wannan rana. Ni na cire shi. Na kwafe takardun a kai don in ajiye a reshenmu na Garwa, kada wata rana gobara ta ci Briqueterie mu yi biyu babu. Da shi aka kama ni a shinge. Mutum ɗaya da takardun mutum dubu huɗu a jaka, a irin wannan shekara, sai suka ce ina ƙera wa 'yan daji takardun bogi.

Abin da zai wanke ni yana cikin injin. Tana rubuta lambar duk disk da ya taɓa zama a jikinta, kuma rajistar da masu takardu suka sa hannu tana ciki. Sai dai na saita ta, in disk ya mutu ta kulle komai har a gyara. Wayona ne ya ci ni.

Ki kashe ta yau. Akwatunan wuta biyu ne a bayanta, ɗaya ya daɗe da ƙonewa, onduleur ɗin ma, mai riƙe mata wuta in an ɗauke, batirinsa ya gaji, in aka ɗauke wuta tana cikin wannan hali abin zai ƙara lalacewa. Ki nemi Njidda mai gyaran kwamfuta a kasuwar Mokolo. Ki ce SAS, giga ɗari shida, irin na serveur. Wanda ya mutu na san shi, lamba biyu ne, ya daɗe yana gargaɗi. A cire shi a kashe, a sa sabon a cikin durowarsa, sannan a kunna.

Gurbin disk takwas gare ta, Yaya, da gurbin barrette, wato sandunan ƙwaƙwalwarta, goma sha biyu, da wurin processeur na biyu, mai yi mata lissafi. Na bar su fanko ina cewa za mu cika su a hankali. Yanzu nakan zauna in ƙirga su, don kada in ƙirga kwanaki.

Ki gaida Fanta. Allah ya raba lafiya.

Ƙanenki mai laifi,
Ja'afar

*

Briqueterie
29 ga Satumba

Ja'afar,

Sallama da gaisuwa, amma fushi nake yi da kai. Ka cire tayar ajiya ka kama hanya, kai da kake yi mana wa'azin tanadi! In ka fito sai na ja kunnenka a gaban masu tsire.

Na kashe ta ranar da takardarka ta zo, na lulluɓe ta da zane saboda rufin yana yoyo. Shagon ya yi tsit, har na fara kewar hayaniyar fankokinta, kai ka ji masifa.

Mokolo kuwa na taka ta har takalmina ya tsinke. Wani ya ba ni ƙaramin disk na kwamfutar hannu, ya ce, "Hajja, c'est la même chose," wai duk ɗaya ne. Na kai wa Njidda, ya yi dariya ya ce, "Wannan ai kamar ki sa allurar hannu a keken ɗinki ne." Wani kuma ya kawo mai kyau amma ƙarami, Njidda ya ce dole ya kai sauran girma ko ya fi su. Sai shekaranjiya aka samo a wurin wani mai kwance tsofaffin injunan ofis a unguwar Madagascar. Na riƙe shi a ƙirjina cikin taksi kamar jariri.

Maître Yahya ya ce za a saurari maganarka ranar sha biyar ga wata mai kamawa. In ya je da takardun, yana sa rai. In ya je hannu rabbana, za a miƙa ka gaba, kuma can ba a cewa yaushe. Njidda zai zo Juma'a bayan masallaci. Ya ɗaga zanen ya duba, ya ce lambobin jikin durowoyin sun goge, amma ba komai, na biyu daga hagu, yadda ka ce.

Surukar Fanta ta aiko sau biyu tana tambaya ko uwar yarinya ta manta hanya ne. Na ce ina da mara lafiya. Ban faɗa mata mara lafiyan na ƙarfe ba ne. Raina yana Gaundare, ƙafata tana ɗaure a nan, kuma wallahi na gaji.

Allah ya fito da kai.
Tasalla

*

6 ga Oktoba

Yaya,

Salamu alaikum. Don Allah, don Annabi, kada a taɓa na biyu daga hagu! Injin nan daga sifiri take fara ƙirga. Na farko sifiri ne, na biyu ɗaya, lamba biyu shi ne NA UKU. Mu da muka saba ba ma ko tunawa, shi ya sa na rubuta miki haka ba bayani. Njidda kwamfutar tebur ya sani, bai taɓa buɗe irin wannan ba.

Na san Juma'ar ta wuce kwana huɗu. Ina rubutu ne kawai don na kasa zama haka. In an riga an yi, kada ki bari ya danna komai, ku kashe ta ku bar ta. Kuma kada ki ɗora wa kanki. Ni na cire na ajiya, ni na ba da lamba. Abin da ke cin raina ba zamana a nan ba ne kaɗai. Tsofaffin nan da suka miƙo mini takardunsu suna cewa "riƙe mana, ɗana", da wane ido zan dube su?

Ki tafi wurin Fanta. Na tsare ki ya isa haka.

Ja'afar

*

Briqueterie
12 ga Oktoba

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo a makare, ka kwantar da hankalinka.

Ranar da ta fara kuka, na ja wa durowar mai fitilar ruwan goro layi da allina. Tela ba ya sa almakashi inda bai zana ba. Ranar Juma'a Njidda ya kai hannu kan na biyu, sai na ga allina a kan na uku. Ya ce, "Hajja, ga rubutun mai injin." Na ce, "Mai injin yana kurkuku saboda wayonsa, cire mai alli." Mun yi musu har la'asar, na tsaya a ƙofar kabad na ce sai dai ya ture ni.

Kwana ɗaya da wuni ta yi tana gina sabon. Na aro janareton mai tsire na zauna kusa da ita da carbi. Yanzu biyar ɗin duk kore ne. Lambar disk ɗinka da rajistar suna jakar Maître Yahya, gobe zai biyo motar Mohaman Bello da wannan takarda.

Fanta ta sauka ranar da muke musun, namiji. An yi suna ba ni, an sa masa Ja'afar. Ban gan shi ba tukuna. Tikitin jirgin ƙasa biyu na yanka zuwa Gaundare, na ranar sha takwas, kada ka sa in yi asarar ɗaya.

Yayarka,
Tasalla